Bazazzagi da Injin Lita Uku

Bazazzagi, ina gaisuwa, ko da yake kai ya kamata ka tako har Kano ka gaishe ni, tunda ba a taɓa jin ubangida ya bi bawansa da gaisuwa ba.

Labari ya iso mana cewa tsohuwar Datsun 240Z ɗin nan da ka jibge a bayan gida, wadda kaji suka daɗe suna ƙwai a ƙarƙashinta, ka sauke injinta za ka tayar da ita. Har na fara shirin yi maka barka, sai mai kawo labarin ya ƙara da cewa wai lita 2.4 ta yi maka kaɗan, kai sai 3.1. Na ce to, Zazzau ta motsa. Mutumin da in allura ta taɓa sittin a hanyar Samaru sai ya kama salati, yau shi ne ke kukan rashin ƙarfin inji.

Zauna in koya maka, tunda ku 'yan birnin ilimi kun iya Turancin komai, amma da an ɗaga bonet sai ku ja da baya kuna gyara zaman tabarau. Girman inji lissafin abu uku ne: faɗin ramin silinda, nisan da fistan ke yi daga sama zuwa ƙasa, da yawan silindar. Injinka sunansa L24, silinda shida a jere, faɗin kowane rami milimita 83, tafiyar fistan milimita 73.7, jimla cc 2,393. Silinda ta bakwai dai ba ta ƙaruwa, ko a Zariya. Saura hanya biyu: ko a rarake ramin ya ƙara faɗi, ko a sa karanshaf mai dogon zango, fistan ya riƙa nitsewa fiye da da.

Su masu ƙera motar, wato Nissan, sun bi duka biyun, amma a hankali, kuma dole ce ta sa su. Motar ta fito a ƙarshen 1969. Da dokokin hayaƙi na Amurka suka fara shaƙe injin, ƙarfinsa ya ragu, sai Nissan ta tsawaita tafiyar fistan zuwa milimita 79, aka samu 260Z mai cc 2,565 a 1974. A 1975 ta faɗaɗa ramin zuwa milimita 86, aka samu 280Z mai cc 2,753, wadda ta zo da ƙarin nauyi da manyan bamba. Injiniyoyin Japan da ɗakunan gwaji sun shekara biyar kafin su ƙara cc 360. Kai kuma da bakanike ɗaya da yaronsa a gindin dalbejiya kana so ka ƙara 700 kafin Sallah.

Ban ce 3.1 tatsuniya ce ba. Masu son wannan mota a Amurka da Japan sun daɗe suna haɗa shi, kuma an san kayan haɗin: karanshaf na injin LD28 mai shan dizal, irin na wasu Laurel da Cedric, mai zangon milimita 83, da konrod na L24, da fistan mai faɗin milimita 89 na injin KA24. A lissafa, cc 3,098. To amma abin da wanda ya zuga ka bai faɗa maka ba shi ne, a bulok na L28, wato injin 280Z, ake wannan aiki, mai ramin 86, a ci milimita uku. Shi ma sai an fara auna kaurin bangon silinda da na'ura, domin ba kowane bulok ke ɗauka ba. Naka 83 ne. Milimita shida kake so a ci, alhali bayan wannan bangon ruwan lagireto ne ke zagayawa. Na san bakaniken naka zai zura ɗan yatsa a ramin, ya karce gefen da farce, ya ƙwanƙwasa da sifana ya kasa kunne, sannan ya ce, "Alhaji, akwai nama." Ranar da ka zaro sandar duba baƙin mai ka ga ya yi fari-fari yana kumfa, ranar za ka san inda naman ya ƙare. Gyaran gangar Auzinawa ke nan.

Sai ka ce to a sayo bulok na L28 ɗan Beljiyam. Ka ga nan ma Kano za ka zo, Ƙofar Ruwa, ka tsaya a rana ana ce maka a dawo gobe, kuma ni ba zan sa baki a rage maka ko sisi ba. Amma a ce ka samu. Je ka duba ɗan farantin ƙarfen nan da aka manna a ɗakin injin. Lambar injin da motar ta fito da shi daga masana'anta tana rubuce a kai, kuma ita ce aka buga a jikin bulok ɗinka. Masu sayen tsofaffin motoci wannan suke fara dubawa, su sunkuya da tocila suna goge maiƙo da tsumma. In lambobin sun yi daidai, kuɗi ya hau. In ba su yi ba, sai a fara taɓe baki. Wato za ka kashe kuɗi mai yawa don ka rage wa motar daraja. Da Bakano ne ya yi wannan ciniki, da an kira taron dangi.

Kuma inji ba ya girma shi kaɗai. Kowace silinda za ta tashi daga cc 399 zuwa 516, in kuwa tof silinda na nan yadda yake, matsin da ake yi wa mai da iska kafin fulogi ya kunna zai haura 9 da 1 ɗin da aka ƙera shi a kai. Irin wannan matsi fetur mai kyau yake so. Kai kuwa na san ka, rabin man da kake sha na galan ne a bakin titi. Man zai riƙa fashewa kafin lokacinsa, ka ji ƙal-ƙal-ƙal in ka taka totur a hawa, har wata rana kan fistan ya huje. Kafireto biyun da ke kai an auna su ne da cikin lita 2.4. Lagireto ɗan shekara hamsin zai haɗu da ƙarin zafi a watan Afrilu, a cunkoson Kwangila. Kuloci zai fara sulɓi. Birkin baya kuwa na ganga ne tun asali, ga shi ban ji ka ambaci birki ko sau ɗaya ba. Dama ku wajen tashi kuka ƙware, tsayawa sai Allah.

Abin da ya fi ba ni dariya, wai injin ne ya yi maka kaɗan. A 1971 Edgar Herrmann da Hans Schuller suka ci gasar Safari ta Gabashin Afirka da 240Z, dubban kilomita cikin ƙura da taɓo da duwatsu, da inji mai wannan cc 2,393 ɗin. Numfashinsa aka gyara, aka daidaita shi da kyau, ya ba da ƙarfin doki sama da 200. Taka ma yadda ta fito, doki 151 ne a jikin mota mai nauyin tan ɗaya da 'yan kai, tana taɓa kilomita 200 a awa. Ina za ka kai sauran? Daga Tudun Wada zuwa ɗaurin aure a Ƙofar Doka?

Ga shawara kyauta, abin da ba mu saba bayarwa ba. Ka kai bulok ɗinka wurin masu injin rarake na gaske, su auna ramukan da ma'auni, ba da farce ba. In sun cinye, a ci rabin milimita kawai, a sa fistan da ringi daidai sabon faɗin. Injin zai koma cc 2,421, ƙarin kusan cokalin cin abinci biyu ke nan. Ya ishe ka ka zauna a majalisa ka ce ka ƙara wa injinka girma, kuma ba ka yi ƙarya ba. Bangon da ya saura zai ɗauki wani gyaran nan gaba, lambarka tana nan daram.

Ragowar kuɗin ka ɗaga tabarmar ƙasan motar ka duba daɓen, ka duba ƙarafan shasi, domin tsatsa ce ajalin 240Z tun tana sabuwa, balle wadda kaji suka yi wa gadi. Ka gyara birki, ka sake lagireto, ka sa tayoyin kirki. In ka gama ka kawo ta Kano in tuƙa, kai ka zauna a gefe ka riƙe mini hula. In kuma ka nace sai 3.1, to ka ajiye bulok na asali a ɗaki, ka shafe shi da mai ka rufe, kada ka sayar wa 'yan gwangwan. Zan zo in saye shi tare da motar, a farashin da zan faɗa.