Jinsunan Mutane a Bakin Ruwan Wikki

Duk wanda ke son ya san ɗabi'un 'yan Adam ba tare da ya sha wahalar bin su gida-gida ba, to, ya jira lokacin hutu, ko kashegarin Sallah ko ƙarshen shekara sa'ad da hunturu ya kankama, ya kama hanyar Gombe daga Bauchi, ya ratse a Dindima, ya shiga gandun dajin Yankari ta ƙofar Mainamaji, ya yi ta keta daji har ya isa sansanin Wikki, sa'an nan ya gangara matakalan da ke kai mutum bakin ruwa, ya sami inuwa ya zauna, ya kame bakinsa ya buɗe idonsa. Ruwan nan daga ƙarƙashin dutse yake ɓuɓɓugowa, garau, har mutum na hangen farin yashin da ke ƙasansa, kuma Allah cikin hikimarsa Ya tsayar da ɗuminsa a kan digiri 31 dare da rana, rani da damina, yana malala har ya faɗa kogin Gaji inda namun daji ke taruwa su sha in rani ya tsananta. Gwamnatin Jihar Arewa ce ta keɓe dajin a 1956, aka buɗe shi ga masu ziyara a 1962, kuma domin kallon giwa da ɓauna aka yi haka. Amma giwa sai an yi sa'a ake ganinta, alhali kuwa abin kallon da ba ya ɓuya yana nan bakin ruwa, sanye da hula, rungume da kular abinci.

Asalin al'amarin kuwa shi ne, mutumin ƙasarmu rabin haibarsa a cikin tufafinsa take, ruwa kuma ba ya karɓar baƙo sai ya tuɓe. Saboda haka daga isowar iyali bakin gaɓa kowa sai ya shiga neman dabarar da zai sasanta tsakanin sha'awarsa da girmansa, a nan ne jinsuna ke rarrabuwa.

Na farkonsu, tun da shi ya biya wa kowa, shi ne maigida mai hisabi. Wannan bawan Allah tun daren jiya ya zauna ya lissafa kuɗin mai, da kuɗin shiga na kowane kai, da na motar da za ta zaga da su daji, har da na facin tayar da ba ta riga ta fashe ba. Don haka a wurinsa nishaɗi ya tashi daga babin mubahi ya koma babin farilla, wadda duk wanda ya bari sai ya yi bayani. Za ka gan shi tsaye a kan gaɓa cikin shadda mai aiki da hula zanna bukar, hannuwa a baya, yana satar kallon agogo, da ya ga yaro ya fito ya zauna sai ya daka masa tsawa: "Kai, koma ciki! Ka san nawa na biya?" Shi kansa kuwa ba zai shiga ba faufau, domin mutumin da yaran shagonsa ke rusuna wa suna cewa "ranka ya daɗe" ba zai yarda a wayi gari labari ya kai kasuwa cewa an ga tumbinsa a sarari ba. Iyakar rabonsa daga dukan abin da ya kashe shi ne gadin takalma da riƙon wayoyi da mabuɗin mota. In kuma sha'awa ta rinjaye shi, sai ya waiga dama ya waiga hagu, ya naɗe ƙafar wando, ya tsoma 'yan yatsu, ya ce, "Lalle da ɗumi," da muryar wanda ya tabbatar ba a cuce shi a ciniki ba.

Can gefe a kan tabarma akwai uwargida, wadda ba ta zo yawon shaƙatawa ba, ɗakin girkinta kawai ta sauya wa mazauni. Tun kafin kiran assalatu take tsaye, ta soya masa da kaji, ta yi dafa-duka da dambu, ta cika jarkoki da zoɓo da kunun aya, bisa ga aƙidarta mai ƙarfi cewa abincin da aka saya a waje israfi ne kuma ba ya ƙosar da kowa. Idonta ɗaya na kan ruwa tana ƙidayar kawunan 'ya'yanta, ɗayan na kan kuloli, kuma da dalili, domin a Wikki akwai wata ƙabila da ta riga kowa zama, wato gwaggon biri da zuriyarsa. Waɗannan ba su biya kuɗin shiga ba, amma su ne suka fi kowa cin ribar ranar. Shekara da shekaru suna nazarin 'yan Adam har sun ƙware: sun san leda mai abinci da leda mai tsumma, sun san ƙofar motar da aka manta ba a rufe ba, sun kuma san cewa tsawar mace da kukan yaro ba su karya ƙashi. Babbansu zai zauna nesa kaɗan, yana sosa ciki, ya kau da kai irin na wanda duniya ba ta dame shi ba, har sai lokacin da autan gida ya yi ihu a cikin ruwa uwargida ta miƙe. Kafin ta juyo, ya iso, ya zaɓi kular da ta fi nauyi, ya haye dutse, ya zauna inda kowa zai gan shi, ya buɗe ta a tsanake. Sai ka ji, "Alhaji, ga shi can ya tafi da kajin!" Maigida kuwa, maimakon ya bi sawun ɓarawo, sai ya buɗe shari'a da wadda aka yi wa sata: "Hajiya, ai sai da na ce a bar kular nan a mota." Ban taɓa jin an gama wannan shari'a a bakin ruwa ba, galibi sai an ɗage ta zuwa gida.

Kowane iyali kuma da gwaninsa na baka, yawanci ƙanin uwargida ne ko wani abokin wasa da aka rage wa hanya. Tun daga Bauchi yake ba da labarin yadda ya ƙetare kogin Gongola cikin ambaliya da tufafinsa a ka, da yadda ya taɓa faɗawa Matan Fada ranar kamun kifin Argungu har Kabawa suka riƙe baki, yara na sauraro suna ƙara matsowa. Amma da aka iso, ya leƙa, ya ga ruwan da faɗinsa kamar mita 13 ne, zurfinsa kuma inda ya fi zurfi bai cika mita 2 ba, sai ya tuna cewa mura ta kama shi shekaranjiya. In yara suka matsa suna cewa, "Kawu, ka nuna mana," sai ya amsa cewa wannan ai kududdufi ne, gwani irinsa ba ya ɓata ƙarfinsa a ruwan da ba ya gudu, sa'an nan ya koma koyarwa daga kan tudu: "Buga ƙafa! Ba haka ba! Ɗaga kai!" Hausawa sun ce iya ruwa fidda kai, to, shi ya fidda nasa tun kafin ya shiga.

Wanda na fi jin daɗin zama kusa da shi shi ne malam, wanda aka ɗauko domin albarka da addu'ar hanya. Shi bai ƙi ruwan ba, bal ma yana tunatar da jama'a cewa magabata sun kwaɗaitar da koya wa yara iyo. Sai dai kafin jikinsa ya jiƙe akwai mas'aloli da wajibi ne a warware. Da farko ya ɗebi ruwan a tafin hannu, ya duba launinsa, ya sansana, ya ɗanɗana, ya yanke hukunci cewa mai tsarki ne mai tsarkakewa. Sa'an nan ya juya ga samari masu gajeren wando ya tuna musu cewa al'aurar namiji daga cibiya take zuwa gwiwa, har wani ya yi ta jan wandonsa ƙasa yana rufe gwiwa, cibiya na fitowa, ya ja sama, gwiwa ta bayyana. Daga nan sai wani mai neman sauƙi ya taso: "Allah gafarta Malam, in mutum ya yi nutso sau uku a nan, ya isar masa wankan Juma'a?" Malam ya gyara zama, domin an taɓo inda ke masa ƙaiƙayi, ya bayyana cewa a mazhabar Malikiyya babu wanka sai da niyya da cuɗawa, don haka ko wuni mutum ya yi yana iyo, in bai ƙudurta ba bai kuma bi jikinsa da hannu ba, wasa kawai ya yi. Kafin a numfasa an shiga babin sallar matafiyi, ko tafiyar nan ta kai mil 48 ɗin da Risala ta ambata. Aka lissafa aka ga daga Bauchi ta haura kilomita 100, ta wuce haddi, sai wani ya kawo shubuhar cewa ai tafiyar wasa ce, malam ya ce wasan da ba saɓo ba ne ba ya hana ƙasaru. Ana cikin haka azahar ta yi, aka yi alwala, wadda ita ce iyakar abin da jikin malam ya samu daga ruwan Wikki a wannan rana, amma ya tashi yana murmushi, ya fi kowa gamsuwa.

Akwai kuma wanda ya ga ba zai iya barin ruwan ba, ba zai kuma iya tuɓewa ba, sai ya raba gardama ya shiga da kaftani da wando. Da ruwa ya kai masa ƙirji, iska ta shige ƙarƙashin rigar, ta kumbura ta taso ta kewaye wuyansa sai ka ce laimar sarki ranar hawan Sallah, shi kuwa yana tsakiya yana tafiya da waƙari, yana amsa gaisuwa. Wahalarsa sai ya fito, lokacin da rigar da ya shiga da ita domin sutura ta manne masa ta bayyana duk abin da ya so ya ɓoye, iskar hunturu kuma ta same shi, haƙora suka shiga kaɗawa.

'Yan hoto ba sai an tsawaita a kansu ba. Samari ne da 'yan mata, wani lokaci ango da amarya, waɗanda suka sha ado suka yi tafiyar sa'o'i domin su juya wa ruwan baya su ɗaga waya. Ba su jiƙa ko farce, sai dai ranar da wayar ta suɓuce. A ranar ake ganin nutson da ba a taɓa koya wa kowa ba. Kusa da su ɗan boko ne mai bayani, wanda ya haddace cewa faɗin dajin murabba'in kilomita 2,244 ne, cewa Gwamnatin Tarayya ta karɓe shi a 1991 ta mayar wa Jihar Bauchi a 2006, cewa akwai kogunan dutse na Marshall da rijiyoyin Dukkey waɗanda mutanen dā suka haƙa. Duk gaskiya ne, illa dai yana faɗa wa mutumin da ruwa ya shiga wa hanci.

Kaka kuwa tata fahimtar daban. A wurinta ruwan da ke fitowa da ɗumi ba wuta ba rana ba zai rasa ɗayan biyu ba, ko magani ko masu wuri. Saboda haka ba ta matsowa sai da basmala da sallama, tana hana jikoki nuna bakin dutsen da yatsa, amma ta riga ta tanadi jarka biyu da za ta cika domin sanyin ƙashi, ɗaya nata ɗaya na maƙwabciya. Tana zaune ƙafafu a ruwa, tana jan carbi, jikanta na watsa mata ruwa yana cewa, "Taso mu yi tsere, matata," ita kuma tana amsawa, "Tafi can, mijin banza, ko sabulu ba ka saya mini ba."

Yara su ne kaɗai ba su da girman da za su tsare, amma su ma kashi biyu ne da ke zaune cikin jiki ɗaya. Yaron da ya ƙanƙame zanen uwarsa da hantsi, yana kururuwa cewa akwai kada, aka yi lallashi aka yi barazana aka yi alkawarin alewa kafin ya yarda ruwa ya taɓa idon sawunsa, shi ne dai da la'asar sakaliya za a yi ta kira ya yi kunnen ƙashi, fatar yatsunsa ta yamutse, idanu sun yi ja, yana roƙon a bar shi "sau ɗaya tak". A nan maigida, wanda wuni ya yi yana kora su ciki, sai ya koma kora su waje da irin waccan tsawar, domin akwai tafiyar wajen kilomita 40 cikin daji kafin a kai ƙofa, kuma ba ya son duhu ya riske shi a hanya. Sai a shiga neman takalmi wari ɗaya, da ɗankwali, da murfin kular da ke can bisa dutse; a je a ta da direba, wanda tun isowa ya kwantar da kujera ya rufe fuska da hula bai ko leƙa ruwan ba; a cusa jarkokin kaka a bayan mota, a ɗora jiƙaƙƙun kaya a kansu. Mota ta tashi, an yi addu'ar hanya, kawu ya fara bayanin irin iyon da zai yi da ba don mura ba, sai uwargida ta juya ta ƙidaya kawuna, ta sake ƙidayawa, ta ce, "Alhaji, a tsaya. Mun zo da bakwai, ga takwas."