Gahawa da Kuraye a Harar

Son gahawa ne ya kai ni Harar, tsohon birnin Musulmi da ke bisa tudu a gabashin Habasha. Daga Dire Dawa mota ta kama hawan dutse, kunnuwana suka toshe, har muka kai tsayin kusan mita 1,900. Ganuwar birnin, Jugol, ƙofofi biyar gare ta na asali, a cikinta kuma masallatai 82 da lungunan da mai tumbi sai ya bi su a karkace.

Mai masaukina ko jaka bai bari na ajiye ba. Uwargidansa ta kunna turaren wuta, ta soya 'ya'yan gahawa a gabana, ta daka, ta dafa a 'yar butar ƙasa. Zagaye uku ake sha, tashi kafin na ukun kuwa rashin ladabi ne. Na shanye. Maƙwabta suka ji an yi baƙo, kowa ya aiko a kawo ni. Kafin magariba, ni da na saba da shayi mai madara, bugun zuciyata har a haƙora nake jin sa.

Bayan isha'i mai gida ya ce, "Malam, tunda barci ya ƙaurace maka, taso mu je wajen kuraye."

A garinmu kura da takunkumi da sarƙa take shiga kasuwa, gardi na riƙe da ita. Ta Harar ko zare babu a wuyanta. A bayan ganuwa wani mutum na zaune da kwandon nama yana kira, su kuma suna ɓullowa daga duhu. Ya rataya tsoka a ɗan karan da bai wuce taƙi ba, ya ce in ciji ɗaya bakin. Na ce ina da alwala. Ya ce shi ma.

Na ciza. Karan sai rawa yake, wannan kuwa aikin gahawa ne, wanda ya ce tsoro ne ban yafe ba. Wata ƙatuwa ta dafa kafaɗuna ta baya, ta miƙo wuya ta fizge naman. Na buɗe baki zan nemi tsari, sai addu'ar cin abinci ta fito. Mai nama ya ce ai kurar ce ya kamata ta karanta. Hulata ta faɗi, wata 'yar ƙarama ta yi daji da ita.

Mai niyyar zuwa Harar ya fara ganin kurayen kafin ya taɓa gahawa, hularsa mai tsada kuma ya bar ta a masauki.