Faransar da ke bayan Legas

Duk ɗalibin da ke karanta Faransanci a jami'a, idan ya kai aji uku sai an tura shi ya zauna inda ake jin harshen. A da Faransa ake zuwa, ko maƙwabta irin su Togo. Da naira ta karye bayan 1986, kuɗin tafiyar ya gagara, sai gwamnati ta buɗe Ƙauyen Faransanci a Ajara ta Badagry a 1991, aka koma zuwa can. Duk na san wannan. Amma da na isa gida Makarfi, cewa kawai na yi, "Inna, za a tura mu karatu." Ta dafe ƙirji ta ce, "Faransa?" Sai tari ya sarƙe ni, ita kuwa ta rangaɗa guɗa.

Kafin la'asar labari ya kai Hunkuyi. Kawu ya taso daga Kudan da ƙullin mazarƙwaila, wai Turawa ba su san zaƙin rake ba. Gwaggo ta sa aka sayo mini jibgegiyar rigar sanyi mai gashi a wuya daga 'yan gwanjon Sabon Garin Zariya. Liman ya roƙi Allah ya tsare ni daga naman alade da 'yan matan Turawa, na shafa da amin mai ƙarfi. Kuɗin guzuri ma na karɓa, wa ke mayar da alheri?

Zafin Badagry irin na bakin teku ne, gumi ba ya bushewa a jiki. Mazarƙwailar Kawu ta narke a jaka ta kama gashin rigar Gwaggo, tururuwa suka yi sallah. Idan zan kira gida sai na ɓoye lamba, in yi magana a gurguje, in ce waya da tsada a nan.

Ƙasar wajen ma dai na taka ta, kada a raina ni. Mun tsallaka iyakar Seme muka shiga Kwatano, na hau bayan ɗan acaɓa mai rigar ruwan ɗorawa har kasuwar Dantokpa. Tun a hanya nake bitar jimlar da zan taya atamfa da ita. Na tsaya gaban wani dattijo, na murɗe leɓe, na sako ta tiryan-tiryan. Ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Samari, yi Hausa mu gama, akwai masu jira." Mutumin Maraɗi ne, a Zango yake zaune. Har ragin sefa ya yi mini, ina jin don tausayi.

Kwaɗayin tuwo ne ya tona ni. Wata Asabar na sulale kasuwar Mile 12, inda motocin tumatir na Arewa ke sauke kaya. Na naɗe hannun riga, na kai loma ta miyar kuka ke nan, sai na ji an dafa kafaɗata. Direba ne ɗan Ikara, abokin Yayana.

"A'a! Ba kai aka yi wa addu'ar jirgi ba?"

Na ce hutu aka ba mu. Ya kalli silifas ɗina, ya kalli malmalar tuwon, ya jawo benci ya zauna.

"Madalla," in ji shi. "In kana da saƙo ga Inna ka ba ni. Gobe da asuba zan bar Faris ɗin nan, jibi ina Makarfi."