Masu Akwati, Kowa da Cutarsa

Ƙanena yana da rumfar gyaran waya da tele a Tasawa, ba nisa da babbar hanyar da ta taso daga Maraɗi ta nufi Damagaram. Ni ban san komai a sana'ar ba. Nawa shi ne zama a kan benci, shan shayi da kallon mutane. Da can aikinsa parabol ne: ya hau rufin ɗaki yana juya faranti, wani a ƙasa yana ihu, “Ta zo! Ta tafi! Koma inda kake!” Yanzu wani baƙo ya shigo gari, ɗan baƙin akwati da bai wuce tafin hannu ba, mai Android a ciki, wanda ake haɗa wa tele ya ɗebo kallo ta intanet. A jikinsa za ka ga an rubuta MXQ ko X96 ko H96, kamar lambar motar haya.

Manhajar da aka fi zuba masa ita ce Kodi. Wasu masu sha'awa ne suka fara ta a 2002 don na'urar wasa ta Xbox, ta daɗe ana kiran ta XBMC, sai a 2014 aka raɗa mata wannan suna. Kyauta ce, kuma babu fim ko tasha ko ɗaya a cikinta. Ƙwarya ce wankakkiya, abin da ka zuba shi za ka sha. Akwai wasu ƙananan manhajoji da ake liƙa mata su je su ɗebo kallo, ƙanena yana ce musu 'yan aike. A wurinsa cutar akwati huɗu ce tak: kuran, rezo, zafi da agogo. Cutar masu akwatin ce har yau bai gama ƙirgawa ba.

Akwai Alhaji mai imani da kwali. Daga Kano ya sayo nasa, kuma bai yar da kwalin ba, a hammata yake riƙe da shi kamar takardar gona. Kwalin ya ce 8K, ya ce jiga 128, ga hoton zaki ga na ɗan ƙwallo. Alhaji ya ɗora yatsa ya ce, “Kai yaro, karanta nan.” Ƙanena ya karanta, sannan ya sa wata 'yar manhaja mai tona cikin na'ura. Sai ga gaskiya tsirara: rumbun ajiyar jiga takwas ne, ƙwaƙwalwar jiga ɗaya, Android ɗin kuma tsoho ne aka shafa masa hoda aka sauya masa lamba. Alhaji ya yi shiru, ya dubi kwali, ya dubi ƙanena, ya ce, “To da na kawo shi 128 ne. Ina sauran 120 ɗin?” Sai da limamin unguwa ya sa baki. Telen da za a kalli 8K ɗin kuwa irin mai ƙeyar nan ce, ba ta ma da ramin HDMI, da igiya mai kai uku ake haɗa ta, rawaya da fara da ja.

Bayansa akwai mai neman kod. Wannan ba ya shigowa da rana tsaka, sai rumfa ta yi sauƙin mutane. Ya gaji da biyan kuɗin wata na Canal+, ya ji a fada cewa akwai akwatin da ke buɗe tashoshin duniya har abada. Da ya ji ana cewa Kodi, sai ya ɗauka wata lambar sirri ce masu gyara suke ɓoyewa. Ya sunkuyo, ya rage murya: “Haba ɗan'uwa, ni ma ka sa mini kod ɗin nan mana, ba mai ji.” In an gaya masa manhaja ce fanko, sai ya yi murmushin wanda ya gane ana so ya ƙara kuɗi. Galibi ya riga ya biya wani a baya, an cika masa akwati da 'yan aike masu ɗebo kayan sata, ya yi sati uku yana gayyatar surukai, rannan da safe sai ga allo fayau. Inda ake ɗebowa aka rufe. Ba nan kaɗai ba ne, tun watan Afrilun 2017 babbar kotun Tarayyar Turai ta yanke cewa sayar da irin wannan akwati da aka riga aka ɗura wa hanyoyin kallon sata keta haƙƙin mai abu ne, masu Kodi ɗin kansu kuma sun sha nesanta kansu da shi. Banza ba ta kai zomo kasuwa. Abin haushin, akwai kallo na halal da zai ishe shi har tsufa, daga Izzar So a YouTube zuwa tafsirin azumi, amma shi abin da ba a ɓoye ba ba ya yi masa daɗi.

Babban abokin cinikin ƙanena kuwa, wanda ya kamata a riƙa aika masa goron salla, shi ne injiniyan fada. Kowace fada tana da nata. Ya ɗan taɓa lakwal, yana jin faransancin na'ura, ba ya cewa gyara sai “parametir”, ba ya cewa sabuntawa sai “mizajur”. Ba ya iya ganin akwati yana aiki lafiya ya ƙyale shi. Ana tsakiyar kallo zai miƙa hannu: “Ba ni komand ɗin, minti biyu.” Wannan minti biyun ya cinye wa mutane finafinai da yawa. Shi ne a 2021, da Kodi ta 19 mai suna Matrix ta fito, ya bi gida gida yana sabunta wa jama'a, bai san an sauya harshen da ake rubuta 'yan aiken da shi zuwa Python 3 ba. Tsofaffin 'yan aike duk suka kwanta rana ɗaya, unguwa guda ta koma sauraron rediyo.

Makaminsa na ƙarshe tsinken sakace ne. A yawancin akwatunan nan akwai wani ɗan maɓalli da aka ɓoye can ƙuryar ramin AV. Na ga yadda yake yi: ya zare igiyar wuta, ya zura tsinke har sai ya ji ƙas, ya danne da babban yatsa, harshe a waje, ya ce wa yaro ya maida wuta. Allo ya kawo baƙi da ƙananan rubutu. Nan injiniya zai gyara zama ya zaɓi layin da ke share komai, domin shi kaɗai ya sani. Hotunan bikin da aka ajiye, da lambar wifi, da aikin da aka biya aka yi, duk sun tafi. Rannan garin neman faransanci ya maida harshen akwatin wani dattijo na Sin. Kwana biyu gidan suna laluben hanya da siffar zane, kamar makaho a sabuwar kasuwa. Da aka kawo rumfa, injiniya ne ya riƙo akwatin da kansa, yana shigowa yana cewa, “Ai tun farko na faɗa musu kayan nan ba orijinal ba ne.”

Gwaggona ta Mayahi ba ta taɓa komand, ita tsabta ce cutarta. Ta ga ƙurar hunturu, ta ɗinka wa akwati riga mai ado, ta lulluɓe shi, ta ɗora masa furen roba. Ƙasansa kuma dekoda ce mai zafi. A watan Afrilu, lokacin da zafin garin ke haura maki 40, ɗan akwatin da ba shi da fanka sai ƙananan ramukan shan iska ya riƙa sumewa bayan rabin awa. Ƙanena ya cire rigar, ya ɗora shi a kan marafan kwalba huɗu don iska ta ratsa ƙasansa. Gwaggo ta dubi abin ta ce, “Yanzu haka zan bar shi tsirara baƙi na shigowa?” Mijinta kuma ɗan tsohuwar makaranta ne, tun zamanin rediyo mai batir shida ya yarda kowace na'ura tana jin mari.

Mai aron sharja ba ya ɗaukar lokaci. Akwatin yana son volt 5 da amfiya 2. Nasa ya ƙone, ya samo wani rarrauna mai kai iri ɗaya ya cusa. Akwati ya kawo tambari, ya mutu, ya sake kawo tambari, haka har asuba. Mutanen ƙauyukan wajen Urafan da Kanembakashe masu fano da batir sun san wannan rawa, da batir ya yi ƙasa bayan isha'i take farawa.

Wanda ya fi ba ni tausayi kawuna ne. Ya zo daga Korgom fuska a murtuke, akwati a cikin buhu. Rezo cike, forfe sabo, amma ba abin da ke buɗewa. Ya riga ya gama bincikensa tun a gida: maƙwabcin da suka yi rigimar iyakar gona ya shigo kallo ranar Juma'a, ranar Asabar abu ya tsaya. Har an tofa wa akwatin addu'a. Ƙanena ya kunna, ya leƙa kusurwar allo, ya ce, “Kawu, zo ka ga.” Kwanan watan da ke jiki 1 ga Janairu 1970. Irin waɗannan akwatuna masu araha ba su da ɗan batirin da ke riƙe agogo, da an ɗauke kuran sai su mance ranar da ake ciki. In ba su samu sun daidaita da intanet ba, sai su ƙi yarda da takardar tsaron shafuka, shafukan su ƙi buɗuwa, don a lissafin akwatin ba a ma haifi takardar ba. Na ce, “Kawu, akwatinka yana zamanin Diori Hamani, kai kana neman labaran yau.” Aka gyara kwanan wata, komai ya dawo. Kawu ya kalli allo ya jima, sannan ya ce, “To wa ya maida shi 1970 ɗin?”

A gidajen da babu wifi, wato kusan duka, akwai sarkin da ba a naɗa ba: mai partaj. Wayarsa ce ke raba wa akwati intanet, ko Airtel ko Moov ko Zamani, wanda dai ya fi kamawa a unguwar. Yaro ne ɗan shekara sha bakwai da ba a tanka masa da rana, amma da dare shi ake ba tabarma mai kyau da kofin shayi na farko. Ba ya zama inda yake so, sai inda rezo yake so, wani lokaci a kan katanga. In ya tashi zagayawa, gida duka ya tsaya cak. In budurwa ta kira shi ana shirin buga fenariti, dattijo mai furfura zai ce, “Ɗana, don Allah ka ce mata ta yi haƙuri.” Rigimarsa kullum ɗaya ce, forfen da ya saya na sati ya ƙare kafin a tafi hutun rabin lokaci. Ba wanda ya gaya masa hoto mai kyau sosai yana iya lashe jiga uku a awa guda. Da an rage shi zuwa 480, da ya kai su ƙarshen wasa, kuma a telen Alhaji mai ƙeya ba mai ganin bambanci.

Mai gidan kallon ƙwallo da ya yar da parabol ya koma akwati, shi nasa ciwon ba ya da magani a rumfa. Kallon intanet yana zuwa a makare, wani lokaci da rabin minti ko fiye. Ranar Real Madrid da Barcelona, ɗan wasa yana tsakiyar fili a allonsa, sai ihu ya tashi daga rumfar maƙwabcinsa mai faranti. Mutum sittin da suka biya kuɗin shiga suka juya suna kallon katanga. Daga nan wasan ya zama tarihi, sai jiran a ga yadda aka yi. Ga kuma da'irar nan mai juyawa a tsakiyar allo, wadda ba ta taɓa zuwa lokacin da ake jifa daga gefe, sai ƙwallo na sama tana nufar raga. Ya zo ya ce a cire masa da'irar. Ƙanena ya ce ba a jikin akwati take ba, a jikin rezo take. Ya ce to a cire ta a can. Lokacin kokowar takobi, da kowa ke son ganin Issaka Issaka a Télé Sahel, na gan shi da idona yana kakkaɓe tsohon farantinsa.

Ni ma ban tsira ba, kada a ce na ɓoye. Na taɓa kawo nawa na ce ya mutu murus, har na fara yi masa ta'aziyya. Ashe jikata ce ta danna tele ta koma AV, akwati yana can a HDMI yana ta aikinsa shi kaɗai. Ƙanena bai ce komai ba, ya dai ba yaran shago labari.

Mutum ɗaya ce ban taɓa ganin ta dawo da ƙara ba, wata Inna mai tuwon sayarwa. Ba ruwanta da rezo, ba ta san forfe ba, ba ta neman kod. Kile gare ta, ɗaure a bakin zane tare da kuɗin cefane. Duk sati takan aiki jikanta wurin masu turi a cika mata shi da Labarina da Daɗin Kowa da wa'azi, ta soka a akwati, Kodi ta jera mata su, ta kalla ba tsayawa ba da'ira. Abin da aka ƙera manhajar ta yi ke nan tun ranar farko, kuma a duk masu zuwa rumfar ita kaɗai ke amfani da ita haka. Rannan injiniyan fada ya ce zai yi mata mizajur kyauta. Muciya tana hannunta, ta ce, “Taɓa ka gani.”

Saboda haka mai karatu, kafin ka ɗauko akwatinka ka hau kabu-kabu zuwa rumfa, cire masa riga, duba sharja, duba kwanan wata, ka tabbata tele tana kan HDMI. In duk ka yi bai tashi ba, kawo shi, kuɗin dubawa dala ɗari ne. Wanda ya zo tare da injiniyansa kuwa dala ɗari biyu zai biya, kuma ba a ba shi shayi.