Ni da Samarin da Ba Sa Mutuwa

Furfura ta fara leƙowa a gemuna, yaran unguwa Malam suke ce mini, amma babu abin da nake karantawa da zumuɗi kamar littattafan mashaya jini da Turawa ke rubuta wa 'yan sakandare. Ni ɗin nan da nake yatsina fuska in aka ambaci littattafan soyayya na Kano, ina cewa ɓarnar takarda ce. Ga shi na cinye Twilight na Stephenie Meyer, duka huɗun, na kora da Vampire Academy na Richelle Mead, kuma ban ƙoshi ba.

In aka ritsa ni, uzurina na nan a aljihu: bincike nake yi kan almarar Gabashin Turai. Uzurin kuwa yana da ƙwari, don na san zancen. A 1725, a ƙauyen Kisiljevo na ƙasar Sabiya, wani manomi, Petar Blagojević, ya mutu, sai mutum 9 suka bi shi cikin kwana 8, aka ce kafin su cika sun faɗi cewa mamacin ne ke zuwa da dare yana shaƙe su. Mutanen gari suka tone kabarin a gaban jami'in gwamnatin Ostiriya, suka soke gawar da tsinin itace, suka ƙone ta. Abin da ya razana su, yau likitoci sun san dalilinsa: iskar ruɓewa ke kumbura gawa, ruwa mai kama da jini ya tsatso ta baki, fata ta janye har farce ya yi kamar ya ƙara tsawo. Sai a 1755 Sarauniya Maria Theresa ta Ostiriya ta kafa dokar hana wannan tone-tone.

Wato mashayin jini na asali baƙauye ne, kumburarre, mai ɗoyi, wanda danginsa da maƙwabta ya fi damu. Marubuci John Polidori ne ya sa masa tufafin masu sarauta a 1819, Bram Stoker ya ba shi katafaren gida a Transilbaniya a 1897. Da ya faɗo hannun Meyer a 2005, sai ya samu mota Volvo da kujera a aji a garin Forks na Amurka. Edward fa, mashayin jinin Twilight, haifaffen 1901 ne. Mutum ya haura shekara ɗari, bai ga abin yi da dawwamarsa ba sai maimaita sakandare, rana ta taɓa shi ya hau ƙyalli! Ina ganin shirmen ƙiri-ƙiri, har tsaki nake ja. Ina gama tsakin sai in buɗe shafi na gaba, don in ji ko Bella, yarinyar labarin, shi za ta zaɓa ko abokin takararsa Jacob. Wannan tambaya dai ba ta cikin almarar Sabiya, kuma ita ce ke hana ni barci.

Mutanen can suna da wata dabara ban da tafarnuwa: a watsa gero ko wasu ƙananan tsaba a kan kabari, wai dole mamacin ya tsaya ƙirgawa ɗaya bayan ɗaya har gari ya waye masa. Haka ake kama ni. A ajiye mini littafi mai baƙin bango, sai kiran assalatu ya same ni ina ƙirga shafuka, ido ya yi ja, da safe in ce wa abokan aiki sauro ne.

Na ma ɗauki matakin rufin asiri, ina naɗe bangon da tsohuwar kalanda. 'Yar ƙanwata, wadda a hannunta na fara "ƙwace" littafin don in duba ko ya dace da tarbiyya, ta tsaya a bakin ƙofa wata rana, ina tsakiyar Twilight, ta gaishe ni cikin ladabi.

"Kawu, in ka gama binciken, ƙawata na jiran na ukun. Ko in faɗa maka yadda ya ƙare?"

Na daka mata tsawa kada ta kuskura, na ce ta dawo jibi.