Mas'alar Gādo a Garejin Sabangali

Lalle da fukaha'un da suka yi sharhin babin gādo sun riski zamaninmu, sun kuma ratsa unguwar Sabangali ta birnin Injamena, can kusa da gaɓar kogin Shari, da sun tarar da mas'alar da za ta hana su barci, watau hukuncin tsofaffin a-kori-kura biyu, Peugeot 404 da ƙanwarta 504, waɗanda makanike ya kwantar gefe da gefe, yana ciro lagireto daga wannan, yana zare kafireto daga waccan, har dai ɗaya ta yi tari ta tashi. To, wace ce mamaciya, wace ce magajiya, alhali kuwa ita mai tashin injinta aro ne, ƙofofinta ma na wata ne da aka harhaɗa a Kaduna, inda masana'antar Peugeot ta soma aiki a 1975? Takardar mota ta ce ƙirar Faransa ce tsantsa. Makanike kuwa, in an matsa masa da tambayar nasaba, sai ya ɗaga guduma ya ce, "Alhaji, Allahu a'alamu, kawo kuɗin birki."