In Ta Hau Gwiwa, Wa Ke Gefenta?

Mu mutanen Kura da Bunkure ba a koya mana shiri. Tun shinkafa ba ta nuna ba manomi ya san masu yanka da masu bugu, ya tanadi buhuna, ya yi magana da mai motar da zai kwaso masa. Tumatir yana kore an kama kwanduna, an san ranar da za a kai Kwanar Gafan. Tun da aka gama madatsar ruwan Tiga a 1974, ruwa ya biyo kanal ya mai da rani lokacin noma, mun saba da ƙirga kwanaki. Amma ku shiga gidan da ke da mai ciki wata takwas ku tambaya, ranar da ta hau gwiwa wa zai zauna da ita? Amsar da za ku fi ji ita ce, "Allah dai ya raba lafiya." Amin. Addu'a ce da ba ma rabuwa da ita. Sai dai tambayar tana nan, ba a amsa ba.

Zancen ya tashi ne a wajen turara shinkafa, inda hira ba ta yankewa sai itace ya ƙare. Wata ƙanwarmu mai karatun aikin jinya a birni ce ta kawo shi.

"Kun san a Amurka da Ingila har kuɗi ake biya a ɗauki mai zama da mace lokacin naƙuda? Dula suke ce mata. Ba likita ba ce, ba ta allura, ba ita ke karɓar haihuwa ba. Tun ciki bai tsufa ba ake daidaitawa da ita. In naƙuda ta tashi sai ta zo ta zauna, ta danna miki baya, ta ba ki ruwa, ta kama ki ku ɗan taka, in malaman asibiti sun yi maganar da ba ki gane ba ta fayyace miki. Ba ta tafiya sai kin sauka."

Gwaggo ta ajiye muciya ta dube ta. "Ke 'yar nan, ai wannan shi muka tashi muka tarar. Ba ungozoma ke nan ba?"

"A'a Gwaggo, tsakani da Allah," in ji wata mai 'ya'ya shida da ke shanya. "Yaushe muke aika yaro ya kira ungozoma? Ai sai an ji kukan jariri."

Aka yi shiru kaɗan, domin kowa ta san haka ne. Ungozomarmu aikinta babba ne, kuma babu mai raina shi. Ita ke yanke cibiya, ta wanke jariri, ta binne mabiyiya, ta riƙa zuwa safe da yamma tana gashin cibi da wankan jego har a yi suna. Amma sa'o'in da suka fi wuya, daga lokacin da mara ta fara murɗawa zuwa lokacin da kai ya fito, a gidaje da yawa mace ita kaɗai take yin su a ɗaki, ƙofa a sakaye. Kuma mu muke yaba hakan. Wa bai taɓa jin an ce, "Wance jaruma ce, ko tarinta ba a ji ba, sai kukan yaro"? Yarinya tana tasowa tana jin wannan kirari, ranar da abin ya zo kanta sai ta cije leɓe ta ɓoye, don kada a ce ta yi raki. Mai cikin fari ma da muke kai wa gida goyon ciki don ta samu kulawa, wani lokaci sai ta tarar da uwa mai kawaici, musamman in ita ce 'yar fari. Uwar tana tsakar gida hankalinta a tashe, kunya ta hana ta shiga. 'Yar tana ɗaki tana son ta kira Inna, kunya ta hana ta buɗe baki.

Ina son kunyarmu, ba na fatan mu rabu da ita. Amma ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Abin da ya sa nake ɗaukar wannan magana da zafi shi ne, abubuwan da ke kashe mata a wajen haihuwa ba sa jiran gari ya waye. Jini in ya ɓalle bayan haihuwa, cikin sa'o'i kaɗan yake gama da mace. Jijjiga tana zuwa da alamunta, ciwon kai mai tsanani, gani dishi-dishi, kumburin fuska da hannuwa, amma sai da wadda ke kallo za a lura. Naƙudar da ta kwana ta wuni kan yaro bai sauko ba, ita ce ke barin yarinya da yoyon fitsari, ga jariri ba rai. Mace da ke cikin ciwo ba ta iya ƙirga lokaci, ba ta iya ganin yawan jinin da ya jiƙa zane, ba ta iya tashi ta buga ƙofar mai mota. Dole wata ta yi mata. Binciken lafiya na ƙasa da aka yi a 2018 ya nuna cikin haihuwa 100 a Najeriya 39 ne aka yi a asibiti, a shiyyarmu ta Arewa maso Yamma kuwa 16 kacal. Sauran kusan duk a ɗakunanmu ne. Wannan binciken ya ƙiyasta mata 512 ke rasuwa a kowace haihuwa 100,000. Mu ba sai an karanta mana lamba ba, daga Ƙarfi zuwa Ɗan Hassan, daga Barkum zuwa Gurjiya, kowace unguwa ta san gidan da aka je barka aka koma ta'aziyya.

To me ya hana zuwa asibiti, tunda mata da yawa suna zuwa awo, katinsu na nan a ƙasan katifa? Ku saurari abin da suke faɗi in babu maza a wurin. Ana maganar kuɗi, ana maganar hanya, gaskiya ne. Amma akwai wata magana da take yawan dawowa: "In na je, a ƙofa za a tsayar da Inna, a bar ni ni kaɗai a kan gado." Wata ta ce a gida ko banza tana jin motsin mutane, a can kuwa sai bango. Ba na ɗora wa malaman asibiti laifi a kan wannan. Malama ɗaya a aikin dare, mata uku ko huɗu suna naƙuda lokaci guda, ba za ta iya riƙe hannun kowa ba. Ɗakin haihuwa a wurare da yawa ɗaya ne, gadaje a jere, in aka ce kowa ta shigo da 'yar rakiya sai a rasa wurin taka ƙafa, ga tsiraicin mutane. Dalilai ne na gaske. Sai dai ga inda muka tsaya: a gida akwai mutane amma babu magani, a asibiti akwai magani amma babu mai zama da ke. Mace ta rasa wanda za ta zaɓa, sai ta zaɓi wanda ta saba.

Ba dole ne abin ya zama haka ba. Hukumar Lafiya ta Duniya, a ƙa'idojin kula da mai naƙuda da ta fitar a 2018, ta ba da shawara a bar kowace mace ta kasance da wanda ta zaɓa da kanta tun daga farkon naƙuda har ta haihu. Ba don jin daɗi kawai ba. A 2017 masana sun tattara gwaje-gwaje 26 daga ƙasashe 17, mata fiye da 15,000, suka ga cewa matan da aka zauna da su ba yankewa sun fi haihuwa da kansu, an fi rage yi musu aiki, naƙudarsu ta ɗan fi gajarta, kuma sun fi fita ba tare da ɓacin rai ba. Amfanin ya fito sosai a asibitocin da a da ba a barin kowa ya shiga. Duk wadda ta taɓa haihuwa ta san dalili. Tsoro yana ɗaure jiki. In akwai mai ce miki, "Sannu, yi nishi, ya kusa, ina nan," jikin yana saki.

Kada kuma wani ya ɗauki wannan ya ce to shi ke nan, a samu tsohuwa mai hankali a zauna a gida. A'a. Akwai abin da hannu mai taushi ba ya yi. Farfesa Hadiza Galadanci ta Jami'ar Bayero tana cikin manyan masu wani bincike da aka buga a 2023, wanda aka yi a asibitoci 80 a Najeriya da Kenya da Tanzaniya da Afirka ta Kudu. A binciken, wata leda ce mai ma'auni ake shimfiɗa wa mace bayan haihuwa don a ga ainihin yawan jinin da ya zuba, da ya kai iyaka sai a haɗa mata magungunan tsayar da jini gaba ɗaya ba tare da jira ba. Wannan ya rage mummunan zubar jini da abin da ke biyo bayansa da kashi 60 cikin 100. Babu ungozomar da ke da wannan a ɗakinta, komai daɗewarta a sana'a. Ba ta da ƙarin jini, ba ta da allurar jijjiga, ba ta da ɗakin tiyata. Don haka ni a wurina maganar ba ta zaɓi ba ce tsakanin tsohuwa da malamar asibiti. A ɗauki tsohuwar a tafi da ita.

Sai kuma wace ce za a ɗauka. Nan ne hirar wajen turara shinkafa ta yi daɗi. Wata ta ce uwarta. Wata ta ce ina, Innarta da ta ga jini sai a koma jinyar mutum biyu. Wata ta ce uwar miji mutuniyar kirki ce amma ba za ta iya nishi a gabanta ba. Wata ma abokiyar zamanta ta ambata, ta ce duk haihuwarta Yaya ce ke riƙe ta, kuma ba wadda ta yi mamaki, don mun san irin waɗannan gidaje. Abin da na ɗauka daga bakinsu shi ne mai cikin ce za ta zaɓa, ba dangi za su zaɓa mata don gudun ɓacin ran wata ba. A tambaye ta a keɓe, tun da sauran lokaci, ta faɗi sunan wadda ba ta jin kunyarta.

Wadda aka zaɓa kuma tana da sharuɗɗa. Ta raka ta awo ko sau ɗaya ne, ta ji alamun haɗari da kunnenta, malaman su san fuskarta. Kada ta kasance mai ɗura jiƙe-jiƙe don naƙuda ta yi sauri, ko mai danne ciki, ko mai ɗaukar reza da sunan yankan gishiri, wanda ya jefa mata da yawa cikin yoyon fitsari. Ta kasance mai baki, wadda za ta iya tashi ta ce, "Malama, don Allah zo ki duba, jinin nan ya yi yawa," cikin ladabi amma ba da tsoro ba. Ta kasance mai riƙe sirri. Abin da mace ta faɗa a kan gwiwa ba na kai wa gidan biki ba ne.

Batun biya fa? Mu ma ai muna biya, sunansa ne kawai ba mu kira ba. Sabulu, turmin atamfa, kwanon shinkafa, kason nama ranar suna, da ɗan abin da maigida ya damƙa. Ba sai mun kwaikwayi farashin wasu ƙasashe ba. Amma akwai gyara ɗaya da nake ganin ya zama dole. In ungozoma ta san sai an haihu a gida za ta samu rabonta, in an tafi asibiti kuwa ta tashi a tutar babu, to mun sa ta a tsaka mai wuya, mun ba ta dalilin cewa a ƙara jira. A gaya mata tun farko, "Inna, ko a ina aka haihu haƙƙinki na nan cif, in kika raka ta asibiti ma har da ƙari." Wankan jariri da kula da mai jego ba za su tafi ko'ina ba, suna jiranta in an dawo.

Yanzu ga iyayen gida, domin rabin maganar taku ce. Naƙuda ba ta san maigida ya tafi ban ruwa da dare ba, ba ta san ya bi motar tumatir zuwa Legas ba. Mata nawa suka zauna da ciwo har asuba saboda babu wanda zai ce a tafi? Malam, ka ba da izini tun yau, a gaban mahaifiyarka da wadda za ta raka ta: in abu ya tashi, ina nan ko ba na nan, a tafi. Ka ware kuɗin haihuwar ranar da ka sayar da shinkafa, ka ba ta a hannu. Ka yi magana da mai mota ko mai adaidaita na unguwa, a rubuta lambarsa a bayan katin awo. A Kano da wasu jihohin Arewa an yi shiri da ƙungiyar direbobi ta NURTW na kai mata masu naƙuda asibiti cikin gaggawa, ka tambaya a tashar garinku ko akwai direban da ke ciki. Ka san 'yan'uwa biyu da za su iya ba da jini. In kuna bayan kanal ne, inda hanya ke zama taɓo a watan Agusta, ku yi tunanin ta matsa kusa da gari in watanta ya kama. Babban asibitin Kura yana kusa da mu, in kuma abin ya fi ƙarfinsu aka ce a wuce Asibitin Murtala ko na Malam Aminu Kano, tafiya ce ta kimanin kilomita talatin, ba a son a fara neman kuɗin mai a lokacin.

Ku kuma malamanmu na asibiti, muna roƙo. Mun san aikin ya yi muku yawa. Ku bar kowace mai naƙuda ta shigo da mace ɗaya, ta wanke hannu, ta zauna a wajen kanta, ta bi dokarku. Labule tsakanin gado da gado ba abu ne da zai gagari kwamitin lafiya na mazaɓa ko 'yan kasuwar shinkafarmu ba. Wannan matar za ta ba da ruwa, ta kai ta bayi, ta kira ku in ta ga abin da ba ta gane ba, ku samu sararin yin aikin da ku kaɗai kuka iya.

In akwai mai ciki a gidanku, ku tambaye ta a makon nan wadda take so a gefenta, ku je ku gaya wa matar tun yanzu.